Babur ɗin Ruwa Yana Tashi a Tudu, Yana Shaƙewa a Ruwa: Saiti Ne ko Kafireta Ta Mutu?

"Assalamu alaikum. Ina da babur ɗin ruwa ƙirar Yamaha WaveRunner, tsohon yayi, mai inji 701 da kafireta biyu, wanda na saya na hannu daga Legas domin in riƙa ɗaukar masu yawon shaƙatawa a tafkin Jabi da ke Abuja. A kan tirela bugu ɗaya yake tashi, kuma idan na ba shi wuta yana amsawa sarai. Amma da zarar ya shiga ruwa na matsa totur, sai ya yi kamar an shaƙe shi, wani lokaci ya mutu, wani lokaci ya ja da ƙyar sannan ya ware. Bakaniken babur da na kira ya kwance kafiretocin ya wanke, ya ce bai ga kwanon mai a jikinsu ba, ya murɗa sukurorin da ke gefe, sannan ya cire wata ragar ƙarfe da ke bakinsu wai don iska ta ƙara shiga. Yanzu ya fi gudu idan ya ware, amma shaƙewar ta ƙaru. Shin saiti ne bai daidaita ba, ko kuwa sabuwar kafireta zan nema?"

Wa'alaikumus salam. Idan na fahimce ka daidai, Malam, abubuwa uku ne a cikin tambayarka: inji yana lafiya a tudu amma yana kasawa da zarar ya ɗauki nauyin ruwa, an taɓa sukurorin saiti ba tare da an rubuta inda suke a da ba, sannan an cire ragar da ke bakin kafireta. Kafin in shiga bayani, shawarata ta farko ita ce ka jingine babur ɗin, kada ka sake ɗaukar kowa a kansa sai an gama binciken da zan zayyana. Ƙarin gudun da ka gani bayan an cire ragar ba alamar samun sauƙi ba ne. Injinka mai bugu biyu ne, wato irin wanda ke ƙona fetur haɗe da baƙin mai, kuma irin wannan inji yakan fi kuzari daidai lokacin da fetur ya fara yi masa ƙaranci, alhali fetur ɗin ne ke taimakawa wajen sanyaya fistin. Daga wannan kuzari zuwa narkewar fistin tazarar ba ta da yawa.

Amsata a taƙaice ita ce, da wuya ya zama saiti ne tushen matsalar, kuma da wuya ka buƙaci sabuwar kafireta. Abin da ya fi yawa a irin alamomin da ka bayyana shi ne inji ba ya samun isasshen fetur saboda toshewa, ko tsufan robobin ciki, ko iska mai shiga ta inda bai kamata ba. Murɗa sukuru a kan irin wannan lahani yana ɓoye shi ne kawai na ɗan lokaci.

Dalilin da ya sa bakaniken bai ga kwano ba

Bakaniken bai yi ƙarya ba, kuma ba a sayar maka da abu mai giɓi ba. Kafiretar babur na tudu tana da kwano a ƙasanta inda fetur ke taruwa, da wani abu mai iyo a ciki wanda ke rufe hanyar mai idan kwanon ya cika. Wannan tsari yana aiki ne muddin abin hawan yana tsaye. Babur ɗin ruwa kuwa yana tsalle a kan igiyar ruwa, yana karkata, yana iya kifewa a juyo shi a ci gaba da tafiya, don haka aka yi masa kafireta mai aiki da fatar roba, irin tsarin da ke cikin injin yanka itace mai sarƙa, wanda ake juya shi ta kowace fuska bai mutu ba.

Waɗanda ke jikin injinka na kamfanin Mikuni ne na Japan, samfurin Super BN, masu faɗin baki milimita 38. Akwai 'yan'uwansu masu 40 da 44 da 46 a jikin wasu injunan Yamaha da Sea-Doo da Polaris, yayin da Kawasaki, wanda ya fara fitar da Jet Ski a 1973, ya fi amfani da na kamfanin Keihin a manyan injunansa. Zamanin waɗannan kafiretoci ya fara shuɗewa ne lokacin da Amurka ta fara tsaurara dokar hayaƙin injunan ruwa daga 1998, kuma zuwa 2002 Yamaha da Sea-Doo da Honda duk sun fitar da injuna masu bugu huɗu waɗanda kwamfuta ke auna musu fetur. In ban da samfurin SuperJet da ake tuƙawa a tsaye, wanda Yamaha ta ci gaba da yi da inji 701 har 2020, galibin baburan ruwa masu kafireta da suka iso ƙasar nan tsofaffi ne. Na kawo wannan ne domin ka san tsufan robar da ke cikin taka, idan dai ba a taɓa canza ta ba.

Kafiretar tana da fuska biyu masu murfi. A fuska ɗaya akwai famfon fetur, wanda ba lantarki ke tafiyar da shi ba, bugun iskar da ke cikin akwatin kiranshaf, wato sandar da fistin ke juyawa, shi ne ke motsa shi ta wani ɗan gajeren tiyo. A ɗaya fuskar akwai babbar fatar roba, a ƙarƙashinta kuma wani ɗan hannun ƙarfe, da sifirin, da allura mai toshe ƙofar shigar fetur. Idan inji ya zuƙi iska, sai ya zuƙo fetur daga ɗakin da ke ƙarƙashin fatar, fatar ta lotsa ciki ta danna hannun, hannun ya ɗaga allurar, sabon fetur ya shigo. Abin da famfo ya turo fiye da buƙata yana komawa tanki ta wani tiyo dabam. Ke nan tiyo iri uku ne: na shigowa, da na komawa, da na bugun iska, kuma na sha ganin an haɗa su a juye bayan wanki. Ma'anar wannan tsari ita ce komai ya dogara ne ga matsi da zuƙa. Ƙaramin huji a tiyo, ko roba da ta ƙandare, ya isa ya rage fetur ɗin da ke isa inji, ko da an wanke ƙarfen kafiretar yana ƙyalli.

Gwajin kan tirela ba ya nuna komai

A tudu farfela tana juyawa ne a cikin iska, ba ta tura komai, saboda haka ɗigon fetur ma ya isa inji ya yi ihu. A ruwa kuwa, a daidai lokacin da ka matsa totur daga tsaye, inji yana ɗaukar nauyi mafi girma, domin dole ne ya ɗago gangar jikin babur ɗin da mutanen da ke kai zuwa saman ruwa. Duk wani ƙarancin fetur a nan yake bayyana. Shi ya sa ba a yin saiti a kan tirela, kuma duk bakaniken da ya ce maka ya gama saiti bai jiƙa ƙafarsa ba, bai gama ba. Ka kuma sani cewa ruwan da babur ɗin ke tafiya a kai ne ke sanyaya injin, don haka kada a bar shi yana aiki a bushe fiye da daƙiƙa 15. Idan za a haɗa masa tiyon famfo, a fara tayar da inji sannan a buɗe ruwa, a kuma rufe ruwa kafin a kashe inji, in ba haka ba ruwa zai bi ta salansa ya koma cikin silinda.

Akwai gwaji mai sauƙi da ke raba ƙarancin fetur da yawansa. A lokacin da inji ya fara shaƙewa, a ɗan ja cok kaɗan. Idan ya farfaɗo ya ja, fetur ne ya yi masa kaɗan, domin cok yana rage iska ya ƙara zuƙar mai. Idan ya ƙara lalacewa, mai ne ya yi yawa. Kunne ma yana rarrabewa: inji mai yunwar fetur yakan yi wani gurnani mara ƙarfi ya faɗi nan take, wanda mai ya yi wa yawa kuwa yakan yi ta burbuɗi da tari da hayaƙi mai kauri, sannan ya share maƙogwaro ya ware. Akwai kuma abu na uku da mutane ke ɗora wa kafireta alhali ba ruwanta: idan ƙarar inji tana hawa sama sosai amma babur ɗin ba ya ja, matsalar tana wajen farfela ne, ko ta lanƙwashe, ko leda da ciyawa sun naɗe ta, ko zoben da take juyawa a ciki ya cinye.

Abin da za a duba kafin a sake kwance kafireta

A aikina ba na taɓa kafireta sai na auna ƙarfin matsin kowace silinda da geji. Inji 701 mai lafiya yana ba da wajen 140 zuwa 150 a ma'aunin matsi na psi, kuma abin da ya fi adadin muhimmanci shi ne silinda biyun su yi kusa da juna. Idan bambancinsu ya wuce kashi 10 cikin 100, akwai alamar cewa fistin ɗaya ya riga ya fara cin jiki, kuma babu saitin da zai gyara wannan. Tun da an tuƙa naka ba raga, wannan awo ya zama dole. Daga nan a kwance fulogi biyun a jera su. Launin ƙasa-ƙasa shi ake so. Baƙi mai jiƙe da mai yana nuna yawan fetur ko raunin wuta. Fari fat, musamman idan akwai ɗigo-ɗigon toka mai ƙyalli a jikinsa, yana nuna zafi ya yi yawa har alminiyon fistin ya fara narkewa. Idan fulogi ɗaya ya sha bamban da ɗaya, to kafiretar wannan ɓangaren ce ko wata kafar iska a wajen.

Batun kafar iska yana da muhimmanci a tsofaffin injuna. A kowane ƙarshe na kiranshaf akwai robobin da ke hana iska shiga, kuma idan babur ya daɗe a ajiye da danshi a cikinsa, musamman wanda ya yi aiki a ruwan gishiri kafin a kawo shi, tsatsa kan ci wurin da robar ke zama. Injin da ke shan iska ta nan yakan tsaya a silo mai tsayi, wato ya riƙa gudu da yawa alhali ba a matsa totur ba, ko ƙararsa ta riƙa hawa da sauka, wani lokaci ma a tudu ya ɗauki gudu da kansa har a cire makulli ya ƙi mutuwa. Idan hakan ta taɓa faruwa, a ja cok gaba ɗaya, shi ne zai kashe shi. Ana gano wannan lahani ta hanyar toshe mashigar iska da mafitar hayaƙi, a hura wa injin iska kaɗan, ƙasa da psi 10, a ga ko zai riƙe ta na 'yan mintoci.

Sai hanyar fetur daga tanki. Akwai makunnin mai mai matsayi uku, buɗe da rufe da ajiya. Ka mayar da shi kan ajiya ka gwada. Idan shaƙewar ta ragu, toshewar tana cikin makunnin ko bututun da ke zuƙo mai daga tanki. Akwai kofin da ke raba ruwa da fetur, a zazzage shi a cikin kwalba mai haske a ga abin da zai kwanta a ƙasa. Akwai kuma ɗan bawul da ke barin iska ta shiga tanki yayin da fetur ke raguwa. Idan ya maƙale, inji zai yi tafiya na ɗan lokaci sannan ya fara kasawa, kuma za ka ji tanki ya ja numfashi idan ka buɗe murfinsa. Tiyon da ya yi tauri ko ya tsattsage a canza shi duka da tiyon da aka yi domin fetur, ba farar robar ruwa da ake sayarwa a kasuwa ba. Masu Sea-Doo na shekarun 1990 sun san wani tiyo mai launin toka da ke narkewa daga ciki ya zama kore mai danƙo ya toshe komai, kuma duk wanda ya ga irinsa a jikin babur ɗinsa ya cire shi ba tare da jira ba.

Cikin kafiretar

A nan ne nake zaton matsalarka take. Wankin da aka saba yi wa kafiretar babur, wato a kwance jet, ƙananan ƙarafan nan masu huji da ke auna fetur, a hura, a wanke da fetur a mayar, ba ya kaiwa ga wuraren da ke toshewa a wannan. A ƙarƙashin murfin ɓangaren famfo akwai wata 'yar matata ta roba mai raga, ba ta kai kan ɗan yatsa girma ba, tana zaune a cikin rami yadda wanda bai san da ita ba zai wuce ta. Idan aka zaro ta daga tsohon babur, sau da yawa za a tarar ragar ta koma ruwan ƙasa, an shafe ta da wani danƙo haɗe da ɓurɓushin tsatsa, kuma idan aka ɗaga ta sama rana ba ta ratsa ta. Irin wannan matata tana barin fetur ɗin da zai riƙe silo ya wuce, amma ba ta barin wanda zai ɗago babur daga ruwa. Kowace kafireta tana da tata.

A ɗaya ɓangaren, bayan an cire babbar fatar, akwai wani faranti mai siffar ƙoda da sukurori biyu suka riƙe. A ƙarƙashinsa jet biyu suke, ƙarami na silo da babba na gudu, kuma a jikin farantin akwai wani siririn ɓallen roba mai haske kamar leda. Aikinsa shi ne hana iska komowa ta hanyar babban jet lokacin da totur yake a rufe ko a ɗan buɗe. Idan ya nannaɗe ko ya ɗaga bai kwanta daram ba, inji zai yi ta shaƙewa daga tsaye, kuma ko an kwana ana murɗa sukuru ba zai daidaita ba. A ƙarshe akwai wasu ƙananan huji a jikin maƙogwaron kafiretar, kusa da gefen farantin totur, waɗanda su ne ke ba da fetur a daidai lokacin da aka fara matsa wuta. Sai an fesa maganin wanki ta ramin ƙaramin jet an ga yana fitowa ta dukkansu da ƙarfi sannan za a ce hanyar ta buɗe. Kada a tsokane su da waya ko allura, domin faɗaɗa su kaɗan yana canza awon mai har abada. Kada kuma maganin wankin ya taɓa robobi, yana kumbura su.

Robobin kansu ba a wanke su a mayar. Fatar da ta tsufa, idan ka motsa ta tsakanin yatsu, za ka ji tana ƙara kamar busasshiyar takarda maimakon ta yi laushi. Abin da ya kamata shi ne a sayi kit ɗin gyara na asali na Mikuni, ɗaya ga kowace kafireta, tare da sabuwar allura da mazauninta, domin waɗannan biyun ba sa zuwa a cikin kit ɗin. Na san akwai masu araha a intanet, kuma na san kuɗin kawo kaya daga waje ba wasa ba ne a yanzu, amma robarsu kan yi tauri da wuri, kuma sifirin ɗin da ke cikinsu ba abin dogaro ba ne. Ƙaramar shawara ga bakanike: sukurorin waɗannan kafiretoci na ma'aunin Japan ne, kuma sukundireba mai kan gicciye ta yau da kullum tana cinye kansu, don haka a nemi mai dacewa ko a yi amfani da wadda ake bugawa da guduma a hankali. A kuma lura da siraran tiyon baƙin mai da ke zuwa daga famfonsa yayin cire kafireta da mayar da ita, domin idan ɗaya ya zame, silindar da yake ciyarwa za ta buga cikin mintoci.

Matsin da ke ɗaga allura

Wannan shi ne awon da ya maye gurbin tsayin fetur a kwano, kuma shi ne abin da bakaniken babur na tudu bai saba da shi ba. Sifirin yana danne allura a kan mazauninta, kuma akwai wani adadin matsi da idan aka kai shi allurar za ta ɗaga. Abu biyu ne ke ƙayyade shi: faɗin ramin mazaunin, wanda ke zuwa a milimita 1.5 ko 2.0 ko 2.3 ko 2.5, da ƙarfin sifirin, wanda ke zuwa a giram 65 ko 80 ko 95 ko 115. Ƙaramin rami da sifirin mai ƙarfi suna ba da matsi mai yawa. Alal misali, mazauni 1.5 da sifirin 115 suna ba da wajen psi 55, mazauni 2.0 da sifirin 80 wajen 21, mazauni 2.5 da sifirin 65 kuwa wajen 12. Idan matsin ya yi yawa, allura tana jinkirin buɗewa, inji ya ji yunwa a farkon totur. Idan ya yi kaɗan, fetur yana malala, fulogi ya jiƙe, tayarwa ta yi wuya bayan an ɗan tsaya.

Ana auna shi da ɗan famfon hannu mai geji. A cire babbar fatar, a toshe mafitar komawa, a jiƙa allurar da ɗan fetur mai haɗe da mai, a hura ta mashigar fetur a hankali ana kallon geji har allurar ta yi tsartuwa. A maimaita har adadin ya tsaya wuri ɗaya. Sannan a hura ƙasa da wannan adadi a bar shi, a ga ko zai riƙe. Idan geji yana sauka, allurar tana yoyo. Kafiretoci biyun su yi kusa da juna. Kada a yanke sifirin ko a miƙar da shi don a kai wani adadi, kuma idan na asalin yana nan bai lalace ba, shi ya fi dacewa a mayar.

A nan ne ragar da aka cire ta shigo cikin lissafi. Aikinta na farko shi ne kashe harshen wuta idan inji ya yi tari ta baya, domin injin yana cikin rufaffen wuri ne tare da tankin fetur, kuma tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasan gangar jiki. Wannan kaɗai ya isa dalilin mayar da ita, kuma shi ne dalilin da ya sa ake ɗaga kujera a bar ciki ya sha iska kafin a tayar. Aikinta na biyu shi ne, tana ɗan takure iska, wanda ke ƙara ƙarfin zuƙar da ke jawo fetur. Kamfani ya zaɓi jet da sifirin ne a kan cewa ragar da akwatinta suna nan, shi ya sa injunan da ba a taɓa ba ke zuwa da matsi mai tsayi. Da aka cire ta, zuƙar ta ragu amma sifirin yana nan da ƙarfinsa, sai yunwar farkon totur ta ƙaru, a sama kuma fetur ya yi ƙaranci inji ya ƙara kaifi. Abin da ka bayyana ke nan daidai. Masu tsere suna canza ragar da mai sakin iska, amma suna canza jet da sifirin tare da ita, kuma ba su ɗaukar fasinja.

Saitin sukurori

Sai bayan an gama duk wannan ake zuwa ga sukurori. Kowace kafireta tana da na silo a ƙasa kusa da inji, da na gudu a sama kusa da baki. Dukansu fetur suke sarrafawa: murɗawa ciki tana rage mai, warwarewa tana ƙara shi. Wannan ya saɓa wa babura da yawa na tudu, inda sukurun gefe na iska ne, warware shi ke rage mai, kuma ina kyautata zaton a nan bakanikenka ya yi tuntuɓe. Akwai kuma sukuru na uku da ke tokare totur, wanda tsayin silo kawai yake canzawa.

A murɗa kowane sukuru ciki a hankali har ya taɓa ƙasa, ba tare da an ɗaure ba, domin kansa siriri ne kuma yana lalata mazauninsa. Sannan a warware shi zuwa adadin zagayen da littafin gyaran samfurinka ya faɗa. Ban kawo adadi a nan ba da gangan, saboda Yamaha ta saka inji 701 a samfura da yawa, kuma lambar jet da zagayen sukuru suna bambanta daga samfuri zuwa samfuri, wani lokaci ma tsakanin kafiretar gaba da ta baya. Lambar da ke manne a bayan gangar jikin babur ɗin ita za ta nuna shekara, lambar samfuri kuma tana manne a cikin wurin da inji yake. A tabbatar kuma farantan totur biyun suna buɗewa tare suna rufewa tare.

Daga nan sai ruwa. A bar inji ya yi ɗumi, a daidaita silo zuwa wajen zagaye 1,250 a minti yana cikin ruwa, sannan a gwada matsa totur daga tsaye. Idan ya yi jinkiri ya faɗi, a warware sukurun silo da kashi ɗaya cikin takwas na zagaye a kafiretoci biyun, a sake gwadawa. Idan yana burbuɗi, a mayar da shi ciki da irin wannan awo. Sukurun gudu kuwa, a injin da ba a canza masa komai ba, ra'ayina shi ne a bar shi inda littafi ya ce. Abuja tana sama da teku da 'yan ɗaruruwan mita, ga zafi, don haka iskarta ta fi ta bakin teku sauƙi, kuma saitin kamfani zai ɗan karkata ne zuwa yawan mai, wanda shi ne ɓangaren da ba ya kashe inji. Wanda ya matse sukurun a zafin watan Maris don neman ƙarin gudu, zai tarar da safiyar hunturu iska ta yi nauyi, fetur ya yi kaɗan. Bayan saiti a saka sababbin fulogi, a yi tafiya da cikakken totur na ɗan gajeren lokaci, a kashe inji nan take ba tare da an bar shi ya koma silo ba, a kwance a duba launinsu. Idan har sai an warware sukuru nesa da abin da littafi ya faɗa kafin inji ya yi daidai, to akwai sauran toshewa ko kafar iska da ba a gano ba.

Batun sabuwar kafireta da kulawar gaba

Ana canza kafireta ne idan gishiri ya cinye gangar jikinta har hanyoyin ciki sun rarake, ko sandar totur ta yi lako-lako tana shan iska, ko an lalata mazaunin sukuru da ɗauri. Ko a nan ma, sabuwar Super BN da ake sayarwa a shago ba ta zuwa da awon injinka, sai an sake mata jet da sifirin, don haka gyaran ta asali ya fi sauƙi da aminci.

Abin da zai hana matsalar dawowa shi ne kula da fetur. Ka saya a gidan mai da ka amince da shi, ka guji na bumburutu da ya kwana a jarka, ka tace shi kafin ya shiga tanki. Waɗanda suka tuna gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin metanol da ya shigo Nijeriya a watan Fabrairun 2022 sun san abin da irinsa ke yi wa injuna, kuma kafiretar da rabin aikinta roba ce ta fi kowace jin jiki. Baƙin mai kuma ya zama na injin ruwa mai bugu biyu, mai alamar TC-W3 a jikin galan, ba na mota ba. Idan babur ɗin zai yi makonni a ajiye, kada a bar tsohon fetur ya bushe a cikin kafireta, domin shi ne ke zama danƙon da na ambata.

Duk abin da na faɗa na gina shi ne a kan bayaninka, kuma inji ba a yanke masa hukunci daga nesa. Raunin wuta, ko karyewar ɓallayen da ke tsakanin kafireta da akwatin kiranshaf, suna iya kawo alamomi masu kama da waɗannan. Idan ka samu awon matsin silinda biyun, da hoton fulogi, da lambar samfurin, da sakamakon gwajin cok, ka aiko da su, za su nuna ko aikin zai tsaya a kit biyu da tiyo, ko kuwa sai an buɗe kan inji an duba fistin.